Kogin da ke Ƙarƙashin Dutsen Tozo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu a kanta, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinsu. Ya ku jama'a, ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Tunau ɗan Sodangi, mai haƙar rijiya, jikan masu haƙar rijiya. Na taka ƙasashen da ko fatake ba su san sunansu ba, na ga abin dariya na ga na kuka, amma labarin da zan ba ku yau, duk sa'ad da na ɗauko shi sai ya ƙona mini rai.

Ina da shekara talatin na bar gida neman ilimin jin ruwa. Na ƙetare Tekun Gishiri, inda babu ko ɗigon ruwa sai farin gishiri iyakar ganin ido, jiragen ƙasar kuwa jiminu ke jan su, arba'in ga kowane jirgi. A can na tarar da wasu mutane masu gina gidajensu a cikin rijiyoyi, ba sa fitowa sai ranar kasuwa. Shekara bakwai na yi ina hidima wa wani tsohonsu, har ya koya mini in manna kunnena da ƙasa in ji motsin ruwa ko da yana zurfin gaba ɗari, in san inda ya fito da inda ya dosa.

A hanyar komowa na yada zango a Birnin Zurmaya, wanda ke gindin wani ƙaton dutse da ake kira Dutsen Tozo. Ranar da na shiga ta dace da kasuwa. Ina tsugune gaban wata mai fura tana dama mini, sai ga wani raƙumi ya ratso kasuwar 'yan tukwane, babu mai ja, an labta masa salkuna har sun kusa taɓa ƙasa. Mutane na ta dariya suna cewa wane rago ne ya saki dabbarsa. Ni ma na yi murmushi, sai na hangi siririn hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashin kayan.

Ban san abin da ya biyo baya ba sai da na farfaɗo a cikin rumfar masu kaba, kunnuwana na amsa kuwwa. Albarushi ne da mai a cikin salkunan. Mai furar nan, ludayinta kawai na gani. Kwana biyu ina cikin masu haƙar kabari, da dagin da na saba neman ruwa da shi, muka binne mutum ɗari da sittin da ɗaya.

A maƙabarta na ji labarin masu wannan aiki. Ana kiran su 'Yan Toka, don suna shafe fuska da jiki da toka, suna cewa duniya ta ruɓe, ba ta gyaruwa sai an ƙone ta. Ba su wuce ɗari biyu ba. Shekara uku ke nan da suka hau Dutsen Tozo suka ƙwace kogunan da ke cikinsa, suka danne mutanen da suka tarar, makiyayan awaki da masaƙa, wajen dubu uku.

Rana ta uku aka kai ni gaban jagoran mayaƙan birnin, Kaura Arzika. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, idanunsa jawur. Aka raɗa mini cewa 'yarsa guda ɗaya tilo tana cikin waɗanda muka binne.

Ya ce, "Baƙo, an ce kana jin ruwa a ƙarƙashin ƙasa."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Mutanen can ba sa saukowa ɗiban ruwa, ke nan akwai idon da ke shayar da su. Ka nemo mini inda yake shiga dutsen. Na tanadi tulu ɗari na dafin kibiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa bai san mai toka da maras toka ba. Wanda zai fara sha jariri ne da akuya."

Ya ce, "Mutanen dutsen nan su suke dafa wa masu tokar abinci. Su suke saƙa musu riguna."

"Da wuƙa a wuyansu."

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Sau uku ina hawa dutsen nan! Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, suna mirgino mana duwatsu kamar masu wasa. Mutum ɗari huɗu na bari a can, ko gawarsu ban samu ba. Kai da ka zo shekaranjiya, faɗa mini, uwar wa zan je in gaya wa ta ƙara haƙuri? Kasuwa ta nawa zan jira su ƙone?"

Na ce ya ba ni kwana bakwai. Ya ce ya ba ni, amma in sun cika ban kawo wata hanya ba, zai zuba dafin a kowane tafki da kowace ƙorama da ke kewaye da dutsen, ko da ni ko babu ni.

Kwana uku ina zagaya dutsen ina kwanciya ina tashi, har dakarun da aka haɗa ni da su suka fara cewa mahaukaci ne. A na huɗu na gane cewa ba ido ba ne, kogi ne sukutum yake ratsa cikin dutsen, ya ɓullo ta wani kwazazzabo a yamma, bayan wasu ƙayoyi. Na koma wurin Kaura na ce, "Zan shiga ta inda ruwan ke fita. Ka tsaya da mutanenka a bakin kwazazzabon. Amma ka rantse mini, duk wanda ruwa ya fito da shi ba za a taɓa shi ba sai an kai shi gaban alƙali."

Ya rantse.

Na shiga da hantsi, ina bin gefen ruwa, wani wuri da ƙafa, wani wuri da iyo. Na ɗauka duhu zai hana ni, ashe kogin cike yake da wasu fararen kifaye marasa idanu, jikinsu na haske kamar an kunna fitilu a ƙarƙashin ruwa. Da na yi nisa na iso wani lungu mai baƙin bango, kwatsam dagina ya fizge daga kafaɗata ya manne da dutse, wuƙar da ke ɗamarata ta bi shi har ta kusa tafiya da wandona. Na ja, na ja, ko motsi. Bangon nan duka mayen ƙarfe ne. Na bar su nan na wuce hannu wofi.

Can gaba na ga haske daga sama, da guga yana saukowa. Na kama igiyar na ce, "Salamu alaikum." Wasu mata suka saki ihu a sama, suka saki igiya. Bayan ɗan lokaci wata murya ta tsohuwa ta ce, "In aljani ne, ba mu da abin ba ka. In mutum ne, akwai matakala a hannunka na dama."

Na hau. Sunanta Inna Hansai, ita ce ungozomar mutanen dutsen, babu wanda bai wuce ta hannunta ba. Na gaya mata ko ni wane ne, da maganar dafin. Ba ta firgita ba, tsaki kawai ta ja.

Ta ce, "Ɗan nan, mun daɗe da mutuwa, binnewa ce ta rage. Bara mutum goma sha biyu suka gudu. Na sama suka kama biyar suka yanka a gabanmu, bakwai suka kai gindin dutse, na ƙasa suka harbe su da kibau tun ba su buɗe baki ba. Ɗana Mati, shi kaɗai ya rage mini, a gaban masaƙarsa suka ɗauke shi suka shafa masa toka. Ka ce mini in yi addu'a wa ya ci yaƙin nan?"

Ba ta rufe baki ba 'Yan Toka suka dira a kanmu, don ihun matan ya kai gare su. Suka ja ni zuwa wurin shugabansu, Ɓaidu. Na zaci zan ga dodo, sai na ga ɗan siririn mutum mai sanyin murya, yana ɓare gyaɗa. Da ya ji ta inda na shigo, da irin sana'ata, sai idanunsa suka yi ƙyalli.

Ya ce, "Idan aka toshe kogin nan, ina ruwan zai bi?"

Na ce, "Zai taru har ya fasa ta gabas."

"Ta kan Zurmaya ke nan." Ya yi murmushi. "Allah ne ya turo ka."

Ku ji wannan takaici, jama'a. Shekara bakwai na kashe ina koyon abin da zan shayar da mutane da shi, ga shi cikin mako guda mutum biyu sun nemi in mayar musu da shi makami. Na so in tofa masa yawu. Amma na haɗiye, na sunkuyar da kai na ce zan yi.

Na ce masa, "Sai dai aikin ba na mutum ɗari ba ne. Dole a toshe shi a yini guda, in ba haka ba ruwa zai kwashe abin da aka jera. Ina son kowa da kowa ya sauka da dutse a kansa, har mata da tsofaffi, masu goyo da goyonsu. Kowa kuma ya rataya salkar akuya hurarriya, don wurin da zurfi. Abu na ƙarshe, ƙarfe ba ya wucewa."

Ya ce ƙarya nake yi. Na ce ya aika a gwada. Ya tura wani ƙato da takobi, ba a jima ba ƙaton ya dawo babu takobi, babu zoben hannunsa. Daga nan Ɓaidu ya yarda da duk abin da na faɗa. Ya ce mutum tamanin daga cikin nasa za su sauka da sanduna su tsare aikin, sauran su tsare hanyar dutse.

Kwana biyu ana ɗinkin salkuna ana hurawa. Inna Hansai ta bi ɗaki ɗaki da sunan duba masu ciki, tana raɗa wa mata abin da za a yi.

Ranar cikar wa'adina, da sassafe, muka sauka. Na tsaya a lungun mayen ƙarfe ina nuna inda za a ajiye duwatsu, a bayan wata kwana da masu tsaro ba sa hangowa. Duk wanda ya sha kwanar sai ya yar da dutsensa, ya rungume salkarsa, ruwa ya tafi da shi. Mun kai wajen azahar kafin wani mai tsaro ya lura cewa ana shiga ba a dawowa. Ya ɗaga sanda zai yi kururuwa, wata mata ta sauke masa dutsen da ke kanta a ƙafa. Wuri ya kaure. Mutum tamanin da sanduna ba sa iya wa mutum dubu masu duwatsu. Aka danne wasu, wasu suka gudu sama. Amma da yawansu, da suka ga babu sarki sai Allah, sai suka fizgi salkuna suka faɗa ruwa tare da jama'a.

Ni ne na ƙarshen fita. Na tarar da kwazazzabo cike da mutane jiƙaƙƙu, suna kuka suna dariya suna kare ido daga rana. Kaura ya riga ya tura rundunarsa ta cikin kogin da kulake da sanduna, suka ɓullo wa Ɓaidu ta baya, sauran dakarunsa kuma suka hau ta hanyar dutse. Kafin la'asar an gama. Ɓaidu ya cinna wa albarushinsa wuta ya tafi da waɗanda ke kusa da shi.

Na zaci za a yi murna. Sai ga Kaura ya nufo ni fuskarsa a murtuke.

Ya ce, "Mun ƙirga na sama, matattu da kamammu, ɗari da talatin da shida. Ina sauran?"

Na dubi jama'ar da ke zube a kan yashi. Kogi ya wanke kowa tas. Babu toka a fuskar ko mutum ɗaya.

Ya ce, "Ka wanke mini abokan gaba, ka cuɗa su da mutane, ka miƙo mini. Madalla da hikimarka!" Ya juya ga dakarunsa ya ce a ware duk namijin da ya isa ɗaukar makami. Aka ware wajen mutum ɗari tara. Na ga dakaru suna gwada kaifin takubba a babban yatsa.

Na sha gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, ka rantse."

"Na rantse kafin in san za ka yi mini haka."

Sai Inna Hansai ta taso, zanenta na ɗigar ruwa, ta tsaya tsakaninmu. Ta ce, "Kai mai takobi, mu mun san su. Mun san wanda ya yanka, mun san wanda ya ɗaura wa raƙumi kaya, mun san wanda aka tilasta. Za mu nuna maka su ɗaya bayan ɗaya. Amma alƙali ne zai saurare su, ba takobinka ba. In ka yarda, da ɗana zan fara."

Kaura ya ce ya yarda. Ta ratsa cikin mazan nan ta kamo hannun wani saurayi mai faɗin kafaɗa, ta jawo shi. Ta ce, "Wannan Mati ne. Bai kashe kowa ba, amma ya ɗauki albarushi a kansa sau biyu. Ya faɗa wa alƙali da bakinsa." Saurayin na kuka, ita ko hawaye babu. Da sauran mata suka ga haka, suka fara tashi. Kafin rana ta yi ja an nuna mutum arba'in da uku. Aka ce za a ƙarasa gobe, aka haɗa waɗannan da dakaru talatin su kai su birni.

Ba su isa birni ba. A mashayar da ke rabin hanya dakarun suka tsaya. Kowannensu akwai wanda ya binne ranar kasuwa. Suka jera su a bakin ruwa, da mai yanka da wanda aka tilasta, ba su bar ko ɗaya ba.

Da safe labari ya iso sansani. Kaura ya tara mata ya ce a ci gaba da nunawa. Babu wadda ta ɗaga kai. Ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya yi rantsuwa sabuwa. Inna Hansai tana zaune ta juya mana baya. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, akwai sauran wajen ashirin, kuma su ne miyagun." Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na ba ku ɗaya. Ba ni da wani."

Kwana goma Kaura yana tsare da mazan nan, manyan birni na aiko masa cewa ya gama da su kowa ya huta. Rana ta goma sha ɗaya ya sa aka kwance su duka.

Bayan kwana arba'in, a kasuwar wani ƙauye mai suna Rafin Kanya, jaki ya shiga da kaya babu mai kora. Mutum saba'in da huɗu aka binne.

Daga ranar ban ƙara iya ratsa Zurmaya ba. 'Yan birni na jifana suna cewa ɗan leƙen asirin 'Yan Toka, mutanen dutse na kau da kai suna cewa ga wanda ya sa muka miƙa 'ya'yanmu. Fada ta ba ni kwana uku in bar ƙasar. Na naɗe tabarmata na fita ta ƙofar arewa.

A gindin wata tsamiya na tarar da mutum zaune da ƙunshin kaya, babu rawani, babu takobi. Sai da ya ɗago na gane Kaura ne. Ashe ya kama dakarun nan talatin ya kai su gaban alƙali, birni ya tashi kamar zai ci shi ɗanye, aka tuɓe shi aka sallame shi.

Ya ce, "Da ka bar ni na zuba dafin, da mutanen Rafin Kanya suna raye."

Na ce, "Da ka riƙe hannun yaranka yini ɗaya tak, da mata sun gama nuna su."

Ya ce, "Saba'in da huɗu, Tunau."

Na ce, "Dubu uku, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Dubu ukun ba su san sunan ko ɗaya daga cikin saba'in da huɗun ba. Ni na sani."

Ya tashi ya saɓa kayansa ya ce, "Wace hanya za ka bi?" Na nuna masa. Ya shige gaba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan muna tafe tare. Ni ke shiga rami, shi ke riƙe igiya. Kullum raina na hannunsa, bai taɓa sassauta riƙo ba, kuma bai taɓa cewa na yi daidai ba. Ni ma ban ce ya yi ba. Wani lokaci ina can ƙasa ina sara, sai in ji ya leƙo ya ce, "To da a ce mutum ɗari ne kawai a dutsen, ba dubu uku ba fa?" In ce masa ya ja guga ya ƙyale ni. Amma sai in tsaya da sara, in daɗe ina kallon bango.

Ga shi can zaune bakin ƙofa, mai farin gemun nan da ke harara ta. Wanda bai gamsu da nawa ba ya je ya ji nasa, ba zai ɓoye muku komai ba. Ni dai iyakar abin da idona ya gani ke nan, Allah kuwa Shi ne ya san wanda ya fi kusa da gaskiya a cikinmu.